Kujerun Kafinta a Bakin Iyaka

Jami'in kwastam ya shafa hannun kujerar, ya kai yatsunsa hanci ya sansana, sannan ya ce a sauke sauran.

Tun hantsi suke a filin nan na bakin iyaka, Kafinta da matarsa Maman Biyu, da babbar mota ɗauke da duk abin da suka tara a zaman aure. Wani kamfanin katako na waccan ƙasar ya ɗauke shi aiki, takardar izinin zama ta fito. Doka ta yarda mai irin wannan takarda ya shiga da kayan gidansa ba haraji, sau ɗaya tak, muddin tsofaffi ne da aka mora. Yau wa'adin rangwamen yake cika. Ya bi taga bayan taga, an duba fasfo, an buga hatimi a jerin kayan. Sa hannun mutumin nan kaɗai ya rage.

'Yan dako suka jera kujeru da gado da kabad a ƙasa. Rana ta doke su, suka ɗauki ƙyalli kamar a shagon mai sayarwa.

Jami'in ba mai hayaniya ba ne, kuma duk wanda ya saba da bakin iyaka ya san irinsu sun fi wuyar sha'ani. Mai ihu ana lallashinsa. Mai magana a hankali kuwa, sai abin da takarda ta ce.

"Malam," in ji shi, "takardarka ta ce kai kafinta ne. Jerin kayanka ya ce tsofaffi. Hancina ya ce jiya aka shafa musu fenti. Wa zan gaskata a cikinsu?"

Kafinta ya rantse kujerun nan sun girmi tagwayensa, waɗanda yanzu suke makarantar kwana. Gyara kawai ya yi musu kafin tasowa: ya goge katako, ya shafa fenti, ya ja sabon yadi. Jami'in ya ce wannan labarin yana jin sa kullum daga bakin 'yan kasuwa, ya nemi rasiɗin saye. Kafinta ya ce ai shi ya ƙera su da hannunsa, wa yake rubuta wa kansa rasiɗi? Kafin ya rufe baki ya gane ya ƙara wa wutar itace. Jami'in ya gyaɗa kai, ya ce to za a shigar da su sito a matsayin kayan sayarwa, sai an kimanta haraji.

Direba ya ja Kafinta gefe. Ya ce shi dai bai taɓa ganin abin da ya shiga siton nan ya fito da kamanninsa ba, tsakanin gara da yoyon rufi, kuma harajin da za a yanka zai fi ƙarfin kujerun da mai su. Ga shi ana rufe ƙofa da yamma, shi kuma wani lodi yana jiransa.

"Gwanintarka ce ta ja maka," ya ƙara da cewa. "Da ni na yi aikin nan, da tuni mun wuce, har da addu'ar Allah ya kawo sauƙi."

Kafinta bai yi dariya ba. Ya dubi matarsa. Ita ba shi take kallo ba, idonta yana can ƙetaren shingen ƙarfe, inda yayarta take tsaye jikin motarta riƙe da laima. Yayar ta daɗe a waccan ƙasar, tana auren mai hali. Shekara da shekaru, duk kiran da ta yi, amsar Maman Biyu ɗaya ce: lafiya lau, komai yana tafiya daidai, ba sa bukatar komai. Ita ce ta ce ba za ta sauka a unguwar Yaya da kujerun da soso ya leƙo ba, shi ya sa Kafinta ya yi makonni yana sunkuye a kansu.

Akwai mafita, kuma su biyun sun san ta. Da yake hali bai kai a sake soso ba, bai cire tsohon yadin ba, sabon ya ɗora a kai. Ya matsa kusa da ita ya raɗa mata.

"A gaban Yaya?" ta ce, ba tare da ta juyo ba.

Ya koma wurin jami'in, ya rage murya, ya roƙi a kai kujera ɗaya bayan mota, akwai abin da zai nuna masa. Jami'in ya nuna masa kyamarar da ke saman turke. Ya ce shi ba ya zuwa bayan mota da kowa, abin da duk za a gani a nan za a gan shi. Ya duba agogo, ya ɗaga hannu yana kiran mai makullin sito.

'Yan dako suka kama doguwar kujerar. Sun ɗaga ta ke nan Maman Biyu ta ce su ajiye. Ta buɗe jakarta, ta zaro almakashi, ta durƙusa. Kafinta ya miƙa hannu zai karɓa, ta ture shi. Ta soka a tsakiya, ta ja har ƙarshe.

Tsohon yadin ya bayyana, ya koɗe, ya yi baƙin maiƙo a inda ake jingina kai. Ga ramin da tagwaye suka yi da tsalle, ga faci da aka yi da guntun tsohon zaninta. Mutanen da ke layi suka miƙo wuya. Jami'in ya sunkuya, ya tura yatsa cikin soson, ya marmashe a hannunsa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya zaro biro daga aljihu, ya ce a buɗe masa guda ɗaya kuma, da ƙasan gadon.

Wayar Maman Biyu ta yi ƙara. A ƙetaren shinge Yaya ta sauke laima, waya a kunne. Muryarta har Kafinta yana ji, tana tambayar me ake yi wa sababbin kujeru haka, ko ta kira maigidanta ya yi magana da wani babba?

Maman Biyu ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ta jawo kujera ta biyu gabanta.

"Kada ki kira kowa, Yaya," ta ce. "Ba sababbi ba ne. Su ne dai waɗanda kika tafi kika bar mu da su."

Ta dubi mijinta, ta ce ya riƙe mata gefen yadin da kyau.