Inuwa a Rufin Goggo

Autanmu mai zanen gine-gine ne. Tun da aka ba shi zanen dogon benen ofisoshin nan ya hana kunnenmu sakat. Wai gini ne mai ciyar da kansa: jikinsa duk gilashin sola, iska na ratsa shi, ba ruwansa da janareta. Don gilashin ya sha rana sosai, sai ya karkata fuskar benen, ya matsar da shi ƙarshen fili, dab da layin su Goggo, ƙanwar babanmu da ta raine mu.

Shi da kansa ya kafa mata ɗan faifan sola a rufi, saboda firjin da take ajiye allurar ciwon sukarinta, wadda zafi ke lalatawa. Doka ɗaya ya koya mata: in wuta ta yi ƙasa, faifan ne ya yi datti, a goge shi.

Ranar da muka tashi zuwa gaishe ta, a mota na ga bakin aku ya mutu. Da na matsa masa, ya ce tun kafin a haƙa tushe kwamfutarsa ta nuna masa a kan rufin Goggo inuwar benen za ta faɗa. Ya yi niyyar sake wa faifan wuri, aiki ya sha kansa. Na wanke shi tas, na ce ana ga yaƙi yana ga ƙura. Amma ni mai zagin ma an kwana biyu rabona da gidan, abin ya tsaya mini a rai.

Da rana tsaka muka shiga, tsakar gidan duhu dunɗum kamar hadari ya haɗo. Goggo ta tarbe mu tana ɗingishi. Ta ce duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa benen ɗanta. Auta dai kansa a ƙasa. Ya wuce ya buɗe firjin, ba sanyi ko kaɗan. Allurar kuwa tana cikin kwano, an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma.

A jikin bango na ga tsani, da bokiti a gindinsa. Na tambaye ta ƙafar fa, ta ce zamewa ta yi wajen saukowa, ba komai.

Sai ta ja ni gefe, ta rage murya, ba ta san yana bayan ƙofa ba.

"Kullum sai na hau na goge, wallahi, amma ya ƙi kawo wuta. Ƙila hannuna ne ya yi nauyi na ɓata shi. Kada ki faɗa wa Auta, zai ce ban iya riƙon kayansa ba."