Tabaraun Auta

Shekara goma sha huɗu Malama tana koyar da 'yan aji uku, kuma ba a taɓa yin yaron da ya ƙanƙance ido yana kallon allo ya tashi daga makaranta ba tare da takarda zuwa ga iyayensa ba. "A kai shi a duba masa ido," da jan biro, har da layi biyu a ƙasa. Idan iyayen suka yi nawa, sai ta kira su ofis ta wanke su tas, ta tambaye su ko sai yaro ya faɗa rami za su san ba ya gani. Gwana ce, kowa ya shaida. Shi ya sa ranar da likitan ido ya ce 'yarta ta cikinta, Auta, ta kai shekara biyu ba ta ganin abin da ke nesa sai dishi-dishi, Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ba ku lura ba?" in ji likitan, yana rubutu, ko kai bai ɗago ba.

Ai kuwa ta lura. Ta lura Auta tana kwafo aikin allo a karkace, ta ce mata malalaciya. Ta lura tana manna hanci a talabijin, ta hana ta kallo wata guda. Ta lura ta wuce gwaggonta a titi ba gaisuwa, ta yi mata wa'azin ladabi tun daga bakin ƙofa har ɗaki. Babu abin da ya wuce ta, sai dalilin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ita kuwa har albashi ake biyan ta don hangen. Da ta gaya wa maigidan, shi ma ya ba da tasa gudummawar ta kwantar da hankali: "To ai ke ce malama."

Bayan mako guda ita da Auta suka je shagon karɓar tabarau. Kujerun roba a jere, fanka tana juya kai kamar mai ƙin ciniki, bango cike da firam-firam. Auta, mai shekara takwas, ba ta san ana wani makoki ba. Tana ta gwada firam marasa gilashi tana waƙa, har ta durƙusa ta gaida hoton wata mata na kwali da aka tsayar a lungu. Malama ta sunkuyar da kai. Abin da ke cin ta ba kunya kaɗai ba ce. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kada a ce a shekara biyun nan ta kashe wa yarinyar zuciya, kuma wannan ba shi da gilashin da ake sayarwa.

Kusa da ita wani dattijo ne zaune, an ɗaure ƙafar tabaraunsa ɗaya da zare. Ya daɗe yana bin Auta da kallo, sannan ya gyara murya.

"Baiwar Allah, 'yarki ce?"

Malama ta shirya. Ta san irinsu. Shawarar reno ce kaɗai abin da baƙo ke ba ka kyauta har da gyara.

"Tawa ce, Baba."

"Kin iya reno."

Ta juyo ta dube shi, ta dubi zaren. "Lallai Baba ka zo inda ya dace. Allah ya sa su ba ka mai ƙarfi."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Idon ya tsufa, ban musa ba. Amma shekara talatin ina tuƙa motar 'yan makaranta, ta madubi nake karanta su. Yaron da ake ci wa zuciya a gida, tun daga hawa mota nake gane shi. Lungu yake nema, ya rungume jaka, ya yi tsit. Wannan fa? Tun da kuka shigo, sau shida ta zo ta dafa gwiwarki ta koma wasanta. Na ƙirga, ba ni da wani aiki. Yaro ba ya komawa inda wuta ta ƙone shi."

"Shekara biyu ba ta gani, Baba," ta ce. "Ina ta yi mata faɗa. Kuma malama ce ni."

"To yau ga ki a layi, ko ba ke ba ce?"

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya koma yana kai takardar lambarsa ta layi kusa da hanci yana nisa da ita. Mutumin da ba ya iya karanta lamba biyu shi ya ba ta shaidar uwa tagari, kuma don rashin ta-ido maganar ta shige ta. Ta ji wani sanyi a ƙirji da rabonta da shi mako guda. Har ta fara tunanin wataƙila dai ba ta lalace gaba ɗaya ba.

Aka kira su. Ma'aikaciyar shagon ta goge tabarau mai jan firam, ta ɗora wa Auta, ta ɗan lanƙwasa ƙafafun a bayan kunne. "Maman yarinya, je ki can bakin ƙofa ki tsaya, mu ga ko za ta hango ki sosai."

Malama ta je ta tsaya. Auta ta waiga hagu da dama. Ta ɗaga kai ta ƙirga fikafikan fanka. Ta karanta allon shagon da ke tsallaken titi da ƙarfi, harafi harafi, kamar ita ta rubuta shi. Ta dubi matar kwali ta ce, "Au!" Sai idonta ya sauka a kan uwarta, murnar ta tsaya cak.

"Umma, fushi kike yi?"

"A'a. Me kika gani?"

"Kin ɗaure fuska." Ta ɗan ɗaga tabaraun, ta mayar. "Ni da, in kina nesa, zato nake murmushi kike yi mini. Kullum."

Ashe ga sirrin renon da direba ya yaba. Duk hararar da Malama ta aika daga kicin, daga bakin aji, daga kujerar gaba a mota, ta isa wurin yarinyar a matsayin murmushi. Rabin yabon na ciwon ido ne. Yanzu kuma da ƙafarta ta zo ta karɓi abin da zai tona ta.

Ta taka ta zo, ta durƙusa a gaban kujerar, a gaban ma'aikaciya da dattijo da kowa. Ita da ba ta taɓa ba ɗan aji uku haƙuri ba.

"Auta, na ce miki malalaciya, alhali ba ki gani ne. Ni na yi laifi. Ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Auta, da sauri, kamar an roƙe ta aron fensir. "Koma can ki tsaya, in sake gani."

Malama ta koma bakin ƙofa. Ta saki girar, ta saki bakin, da ƙyar, don sun daɗe a ɗaure, ga hawaye yana neman ɓata aikin. Auta ta gyara zaman tabaraun da yatsa ɗaya, ta ƙura mata ido, ta daɗe tana dubawa.

"Yawwa," ta ce. "Haka nake ganin ki da."