Maɗigar Habibou

Ran da tarin Habibou ya lafa, uwarsa Balki har waƙa ta yi a hanyar lambun albasa. Murar da ta zagaye garin Badagishiri a sanyin bana ta sakar mata ɗa, ko yaye shi ba ta yi ba. Ba ta san ciwon wuri kawai ya sake ba.

Washegari zawo ya ɓalle, tsululu kamar ruwan wankin gero. Sa'a, uwar mijinta, wadda ba a taɓa kawo ciwon da ba ta san sunansa ba, ta leƙa bakin yaron.

"Haƙora na, fitowa za su yi. Ki rage mai ruwa, shi ka ƙara gudawar."

Balki ta bi. Yaro na miƙa hannu wajen moɗa, tana kawar da kai. Da ta shafa kansa ta ji maɗiga ta lotsa.

"Inna, kan nashi ya faɗa!"

Sa'a ta kwaɓa garin magani ta shafe tsakar kan, wai ya jawo maɗigar sama. Abin haushi, da zuciya ɗaya ta yi. Kafin azahar idanun yaron sun zurma, nono ma ya daina kamawa. Balki ta saɓe shi, ko sallama babu, ta tare kabu-kabu zuwa gidan likita.

Majo Badaru, ma'aikacin jinyar da ke kula da wurin, ya tsunkuli fatar cikin yaron. Fatar ta tsaya yadda ya bar ta.

"Ya yi mura kwanan ga?"

"Ta warke, majo."

"Ba ta warke ba, ciki tag gangara. Ƙwayar kan taɓa hanji, ta ƙuje bangonshi, sai shi kasa riƙe ruwa. Yaushe rabonshi da sha?"

Balki ta sunkuyar da kai. Majo bai sake tambaya ba. Ya nemi jijiyar ƙarin ruwa a hannu, babu. Ya duba ƙafa, babu. Sai ya jiƙa auduga ya shiga kankare ƙullun maganin nan da ya bushe a kan yaron, ko zai samu a fatar kai.

"Riƙe shi da kyau, zai yi zillo."

Ta ƙanƙame shi. Allura ta shiga. Habibou bai motsa ba, ko uhum bai ce ba. Balki ta kafe idonta a kan busassun leɓɓansa, tana roƙon Allah ya sa ɗanta ya yi kuka.