Kiɗan Dakaru a Ƙofar Kware

Yari yana tsugune a bayan rumfar fatu, yana jan tsirkiyar kuryarsa da haƙori, sai ga Siddiƙu ya iso, 'yan dako uku na biye da shi ɗauke da zana.

"Kawu, tashi ka ga kayan arziki," in ji Siddiƙu. "Yau Sakkwato za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba."

Yari ya tofar da guntun fatar da ya maƙale masa a baki, ya dubi kayan. "Sakkwato ba ta taɓa ganin zana ba?"

Kuryar nan 'yar ganga ce da ake kaɗa wa dakaru a fagen fama. Rabon Yari da ya kaɗa ta a gaban jama'a shekara ashirin da ɗaya ke nan, tun ranar da Nasara suka ci garin. Yaƙi ya ƙare, makaɗin yaƙi ya rasa aiki. Yanzu fatun jar akuya yake shanyawa a kasuwa, a ɗaure a kai wa kamfani. Siddiƙu kuwa ɗan ƙanwarsa ne, mai fataucin shanu. Sau biyu ya raka shanu a jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, ya dawo da laima da bakin Kananci da dabara iri-iri. A can ya ga an kewaye fili, ana kiɗa a ciki, mutane na biya a ƙofa suna shiga. Tun da ya dawo bai bar kawunsa ya huta ba.

"Anini ɗaya kowane kai," ya sake faɗa, karo na wajen goma. "A filin bakin Ƙofar Kware, bayan la'asar. Mu tayar da kiɗan mazan jiya, mu ci abinci da shi."

"A garin ga, sai ka yi ma mutum kiɗi ya ji daɗi kana shi ba ka," in ji Yari. "Wa ka biyan abin da bai ji ba?"

"Shi ya sa makaɗan garin nan suke mutuwa da riga ɗaya."

Har izini Siddiƙu ya nemo a bariki. Baturen ya sa tafinta ya tambaye shi dakarun nawa suka rage, kuma shekarunsu nawa. Da ya ji amsa sai ya yi dariya, ya ce a yi ta kaɗawa har Juma'a mai zuwa. Siddiƙu ya ɗauki wannan nasara ce. Yari kuwa da ya ji, rannan bai ci tuwon kirki ba.

Ba don aninin ya yarda ba. Akwai wata waƙa da ya yi wa ubangidansa Jinaidu, wanda ya tsaya a filin nan ranar yaƙin har harsashi ya same shi. Waƙar kashi biyu ce: kirarin waɗanda suka tsaya, da zambon waɗanda suka zubar da garkuwa suka arce. Bai taɓa rera ta ba sai a ɗakinsa, ƙasa-ƙasa. Kuskurensa ɗaya, ya gaya wa Siddiƙu. Shi kuwa Siddiƙu ya sa mai shela ya zaga gari jiya yana cewa za a faɗi wanda ya tsaya da wanda ya gudu, suna da sunan uba.

Da hantsi Yari ya ratsa ta layin mahauta, ya tarar kowa ya zama masanin kiɗa.

Ladan mahauci bai ko ajiye wuƙarsa ba. "Yari, an ce za ka sayar muna da kiɗin da munka ji kyauta? Ranar nan ma shina tashi, mun ga abin da yat tsinana muna."

Aka bushe da dariya. Wani saurayi mai hura nama ya ce in da goge ne ko kalangu da ya ba da aninin, amma wa zai yi rawa da kiɗan mutuwa? Wani ya ce shi a ganinsa abin zai kawo kuɗi, in dai za a haɗa da dambe. Wani kuma ya ce a bar damben, a cire kiɗan.

Malam Lawwali, malamin haraji, ya tsaya sayen hanta. Ya gyara rawani ya ce shi dai bai ga dacewar a tara Musulmi a kan ganga ba, balle a karɓi kuɗinsu. Ya yi jawabi mai tsawo a kan lalacewar zamani. Da ya gama, ya karɓi hantarsa, ya matso kusa da Yari ya rage murya.

"Tsamiyar nan ta bakin hilin, ana ji daga ƙarƙashinta?"

Kafin azahar gaisuwa ta fara isowa rumfar fatu. Cinyar rago daga wani gida, ƙwaryar goro daga wani, har da riga saƙi mai aiki a wuya. Kowane ɗan aike magana ɗaya yake kawowa: maigida yana gaisuwa, ya ce ya tuna zumunci. Mutanen da shekara ashirin ba su san ko Yari yana raye ba, yau duk zumunci ya taso musu.

Ashafa bai yi aike ba, da kansa ya zo. Shi ne babban dillalin shanu a kasuwar, kuma ba wanda ya taɓa sayen shanu a hannunsa bai ji labarin yadda ya yi da sojan Nasara ba. Yana da tabo a kafaɗa, ta baya, wanda yake nunawa ko ba a tambaya ba. A gaban mutane ya ɗaga murya ya ce wannan abu ya yi kyau, shi da mutanen gidansa duka za su zo, don yaran yanzu su san an yi maza. Sannan ya ja Yari bayan tarin fatu.

"Ka san ranar nan hayaƙin bindiga ya yi yawa," ya ce. "Ido bai gani da kyau. Mutum na iya ganin wani shi ce wani na."

"Na gane ka sarai, Ashahwa."

"Daga nesa?"

"Daga kusa. Ni kat ture kaw wuce, bakin rijiya."

Ashafa ya ce, "To kai mi kaka yi bakin rijiya? Ai ba can anka yi yaƙin ba."

"Abin da kaka yi. Ka dai hi ni sauri."

Ashafa ya tafi, bai jima ba sai ga buhun gero ya iso.

Siddiƙu ya zaga kayan nan sau biyu, idonsa na ƙyalli. "Kawu, ka ga inda cinikin yake? Mu muna ta wahalar zana! Yau kada ka faɗi suna ko ɗaya. Ka ce murya ta dushe, sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa mu sake shela. Abin da ba ka faɗa ba ya fi wanda za ka faɗa tsada. Ko a Ikko ba su gano wannan ba."

Yari ya ɗauki makaɗinsa yana goge shi da gefen riga.

Bayan la'asar filin Ƙofar Kware ya cika maƙil. Siddiƙu bai yi ƙarya ba, jama'a sun zo, har daga Dundaye. Sun zauna a kan ganuwa, sun hau itatuwa, sun shimfiɗa buzu a jikin zanar ta waje. Masu fura da masu ƙosai suka yi ciniki irin na ranar sallah. Malam Lawwali yana ƙarƙashin tsamiya da tasbaha, ya juya wa filin baya don kada a ce kallo ya zo. Ashafa ya cika alkawari, ya zo da mutanen gidansa duka, ya zaunar da su a inuwa, taku goma daga ƙofa.

Siddiƙu na tsaye a ƙofar da ƙoƙo a hannu, laima a hammata. Sai a lokacin ya lura da wani abu da ba wanda ya gaya masa a Ikko: zana tana tare ido, ba ta tare kunne.

"Anini ɗaya kacal!" yake ta kira. "Ku shigo ku gani da idonku!"

"Mu ga mi?" in ji Ladan daga kan ganuwa. "Yari na. Kullum muna ganinai kyauta."

A ciki Yari yana zaune shi kaɗai a tsakiyar fili mai ɗaukar mutum ɗari biyu, kurya a rataye a kafaɗa. Yana shirin tashi ya tafi gida sai ya ji Siddiƙu yana cewa a ba da hanya, da murya kamar ayari ne ya iso. Wata tsohuwa ce ta shigo, tana ɗaure bakin zanenta inda ta kwance aninin. Ta ajiye ƙwaryar daddawar da take talla, ta zauna a ƙasa a gabansa.

Yari ya dube ta, ya sauke kuryar, ya durƙusa. Hajjo ce, matar Jinaidu. Ya sha hango ta a kasuwa ya sake hanya.

"Uwar ɗakina. Ke da kanki?"

"An ce za a ambaci mai gidan. Na biya. Tashi ka yi abin da ya tara mu."

Ya tashi. Bugun farko ya fita a raunane, har wani a waje ya yi tsaki. Na biyu ya fi. Daga nan hannun ya tuna abin da ya sani, kiɗan ya miƙe, gajere, mai sauri, irin wanda ke sa ƙafa ta taka ba da shawarar mai ita ba. Surutun waje ya ɗauke. Yari ya rufe ido ya ɗaga murya, ya kira Jinaidu na Ƙofar Kware, turken da aka watse aka bari a tsaye. Ya kira mutum bakwai da suka kwanta tare da shi, kowa da unguwarsu. Muryarsa ta tsufa, tana karyewa a sama, bai damu ba. Da ya kai inda zambo zai fara, ya buga sau uku ya dafe fatar da tafin hannu.

Aka yi shiru ana jira. Da aka ga shirun ya yi tsawo, ra'ayoyi suka fara shigowa ta ramukan zana.

"Shi ke nan? Ina sunayen?"

"Hannun ya mutu. Da ba haka aka kaɗa ta ba." Mai wannan magana bai fi shekara ashirin da biyar ba.

"Allah ya so ban biya ba."

Muryar Ashafa ta fi ta kowa. Ya ce shi bai taɓa jin kiɗa mai ma'ana irin wannan ba, ya tsaya daidai inda ya kamata, kuma wajibi ne a riƙa yin sa haka kowace shekara. Jama'a suka fara watsewa, suna cewa an cuce su.

Hajjo ba ta motsa ba. Ta share ido da bayan hannu.

"Turke," ta ce. "Haka kac ce?"

"Haka na gani, uwar ɗakina. Na waiga ina gudu, na gane shi tsaye. Shekara ashirin da ɗaya ina ganinai tsaye. Ni da ya kamata in tsaya bayanai da kurya."

"Yari, kurkunu gare shi. Ƙahwa duka biyu."

Ya ɗago kai.

"Wata guda bai taka ba. Da asuba anka aza shi bisa jaki, anka kai shi tun ba ku taru ba, don kada ku gani. Kun iske shi jingine da mashi kunka ce jarunta ta. Mai jakin shi yaf fara gudu, da jakin." Ta gyara zama. "Da ƙahwahunai lahiya, da ya riga ku isowa gida. Na san mai gidana."

Yari ya tsaya da makaɗi a hannu. Wata dariya ta taso masa tare da wani abu mai ɗaci, ya danne duka biyun.

"Amma shi yac ce a kawo jakin," in ji Hajjo a hankali. "Na riƙe mai riga, ya ɓamɓare hannuna. Wannan kam ba wanda yas sa shi."

Siddiƙu ya leƙo ta ƙofa, ƙoƙon na ƙara da anininsa guda. "Kawu, madalla da ka tsaya a nan! Sun tafi da ƙishirwa. Gobe in sa a yi shelar Juma'a?"

"In za a hwaɗi sunaye, da nawa za a hwara," in ji Yari. "Kayan da anka kawo kuma, kowa a mai da mai abinai. Tahi ka naɗe zanarka."

"Har da geron?"

Yari ya dube shi kawai. Siddiƙu ya janye kansa. Jim kaɗan aka ji shi a waje yana yi wa Ladan tallar zana, sabuwa fil, sau ɗaya aka kafa, ta dace da garken awaki. Ladan yana cewa ai ta sha kiɗa, sai an rage.

Hajjo ta jawo ƙwaryar daddawarta kusa, ta rufe ta da faifai saboda ƙuda.

"Kada ka sa kurkunun cikin waƙa," ta ce. "Bar shi turkenai. Sake min daga hwarko, rabi ban ji ba. Kunnen ga na hagu ya daɗe da mutuwa."

'Yan dako sun riga sun fara kwance zanar ta gefen gabas, filin ya buɗe, ba kowa a wajen sai masu fura suna haɗa ƙorai. Yari ya gyara ratayar kuryar, ya zago ta damanta, ya ɗaga makaɗi.