Motar Yaya Maharazu

Lokacin da Baturen da ke kula da haƙa kanal na ruwan noman rani a Kadawa zai koma ƙasarsu, sai ya bar wa Sammani wasu akwatunan katako da bai taɓa buɗewa ba. Sammani kanikancin tarakta yake yi a wurin. A ciki akwai gangar jikin wata mota shuɗiya, guntu-guntu, ta wata irin roba mai tauri, da hoton yadda za ta kasance in an haɗa. Irin motocin tsere ce ta zamanin da, doguwar hanci, ba rufi, kujera biyu rak. Inji da tayoyi ne kawai babu. Baturen ya ce a kan gindin ƙaramar motar nan Boswaja ake ɗora ta.

Boswaja kuwa ɗaya ce a unguwarsu a Kura, ta yayansa Maharazu. Da ita yake jigilar mutane zuwa Kano da kasuwar Bunkure, da ita ake ci a gidan gaba ɗaya. Shi ya riƙe Sammani tun rasuwar babansu. Da zai tafi aikin Hajji, sai ya danƙa masa makullin, ya ce, "Ka riƙa ɗumama ta da safe kawai."

Sammani bai yi niyyar ɓarna ba. Cewa ya yi zai kwance bodin, ya ɗora shuɗiyar, ya ɗana ta sau ɗaya a kan hanyar bakin kanal, sannan ya mayar da komai yadda yake. Ya samu majiya ƙarfi suka ɗage bodin. Da aka rasa wurin ajiyewa a tsakar gida, sai suka kai shi bayan katanga, suka kife a kan bola.

Ya yi makonni yana ɗaure noti yana kwancewa. Ramukan ba sa haɗuwa, sai ya huda wasu. Ranar da ya ɗaure fitila ta ƙarshe, a ranar rediyo ya faɗi cewa jirgin su Maharazu zai sauka gobe da hantsi. Ko ɗanawar bai yi ba. Ya zagaya bayan gida da gudu don a ɗauko bodin.

Ba komai a kan bolar sai shatin inda ya kwanta da kaji suna tono.

Sawun amalanke ya bi har maƙerar Dalhatu. Tun daga nesa ya hango murhuna jere a rana, launin ƙwai, launin motar Yaya sak. Ga kaskon tuya, ga ƙyauren rumbu da hannun ƙofar mota a jikinsa.

"Baba Dalhatu, ka kashe ni."

"Ni? Da me?"

"Motar Yaya ce wannan!"

Dalhatu ya ajiye guduma. "A bola na gan ta, ɗan nan. Sati guda ina wucewa, har akuya ta haihu a ciki. Tun kaka da kakanni, abin da aka kai bola yana da mai shi?"

"Ajiyewa na yi."

"To, a bola ake ajiya? Ka ji mini yaro."

Sammani ya durƙusa yana tattara guntayen, yana kara wannan da wancan ko za su haɗu. Ya ce a yi walda. Dalhatu ya ce rufin ma yana Bunkure, wata mai waina ta saya, bayan motar kuma an yi bokitai da shi an rarraba. Ya tausaya masa dai, ya ba shi hannun ƙofar kyauta.

Sammani ba duka yake tsoro ba. Kowa a garin ya san bakin sabon alhaji ba ya faɗuwa ƙasa. Mutum ya dawo daga Arfa wankakke, in ya ce Allah ya yi maka albarka ta kama ka, in kuwa ɗayar ce ta kuɓuce masa cikin fushi, shi ke nan. Maharazu kuma mutum ne mai saurin baki. Sammani ya je wurin Iya, mahaifiyarsu, ya roƙe ta ta bi shi filin jirgi ta tare masa.

Ta leƙa motar ta ce, "A wannan kwamin? In na shiga, shi a ina zai zauna, a kaina? Kai ka jiƙa abinka, je ka."

Haka ya tafi shi kaɗai. Motar tana gudu kamar an kore ta, mutane suna barin yankan tumatir suna miƙewa kallo, shi kuwa ko daɗinta bai ji ba.

Maharazu ya fito ya rame, ya yi haske, da haƙorin Makka da jarkar zamzam a hannu. Ya rungume ƙanensa, ya ce, "Ina mutanen gida? Ina motar?"

Sammani ya nuna.

Maharazu ya yi dariya, ya duba gabas ya duba yamma. Sai idonsa ya sauka a kan lambar. Ya zagaya ta a hankali. Ya sunkuya ya leƙa injin ta baya, ya shafa wani tabon walda da shi da kansa ya sa aka yi.

"Ina sauranta?"

"Dalhatu ya yi murhu da ita, Yaya."

Bakin Maharazu ya buɗe. Sammani ya runtse ido. Da ya ji shiru ya buɗe, sai ya ga yayansa ya danne bakinsa da tafin hannu, jijiyar wuyansa ta miƙe. Haka ya shiga motar, gwiwoyinsa a ƙirji, jarkar a cinya, hannun yana nan a baki. Akwatunansa kuwa, wani alhajin Madobi ne ya taimaka ya ɗauka a motarsu.

Har suka fita gari, suka miƙi hanyar Zariya, Maharazu bai cire hannun daga baki ba. Sammani yana tuƙi yana kuka, iska tana busar da hawayen. Da suka zo gadar babban kanal, Maharazu ya buga jikin motar. Sammani ya taka birki.

Maharazu ya sauka, ya gangara bakin ruwa, ya yi alwala. Ya zauna jim, ya sake yin wata. Sannan ya hauro, gemunsa yana ɗiga, ya tsaya a kan ƙanensa.

"Allah ya shirye ka, Sammani. Iyakar abin da zan iya ke nan yau, kada ka nemi ƙari."

"Amin, Yaya. Amin."

"Sauko. Ba ni makullina."

Sammani ya miƙa masa da hannu biyu, ya zagaya ɗaya kujerar, ya ɗauki jarkar ya rungume.