Ƙuda Ba Ya Tsoma Ƙafa

Uwar Kaji, kamar yadda kowa ke kiranta, dokarta ɗaya ce: duk mai shiga ɗakin kajinta sai ya tsoma takalminsa a kwanon ruwan magani da ke bakin ƙofa. Ko mijinta bai tsira ba. Shi ya sa da kajin suka fara zawo, suna takurewa a lungu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi dogon tunani ba. Wani ya tsallake kwanon, kuma a ranta ta riga ta san ko wane ne.

Auta, ƙanenta, yana kiwon nasa kajin a bayan katangarta. Kullum yana yawon kasuwar kaji, kullum yana faɗo mata aron shebur, a gaggauce kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Abin da ya fi ci mata rai, nasa kajin lafiyarsu ƙalau, har wasu masu sayen ƙwanta sun koma wurinsa.

Ta tare shi a ƙofa. "Jiya ka tsoma?"

"Na tsoma, Yaya."

"Ban ga sawun ruwa ba."

"Rana ce ta busar."

"Lallai ranar nan ta san gidan da take yi wa aiki. Kada ka ƙara shigo mini."

Auta ya jingina shebur ɗin da bango, ya juya ya tafi. Tafiyar ma sai ta ɗauke ta shaida.

Kajin ba su fasa mutuwa ba, dole ta kira likitan dabbobi. Ya tsoma takalminsa, ya shiga, ya tsaya kan mazubin abinci da ƙudaje suka yi wa baƙi ƙirin.

"Ina kike zubar da matattun?"

Ta kai shi baya, ta nuna masa ramin. A buɗe yake, ƙuda sai guɗa yake yi.

"Ko ta ina cutar ta fara, nan take kwana," in ji likitan. "Ƙuda ya sauka kan mushe, ya kwashi ƙwayar cutar a ƙafa, ya sauka kan abinci. Shi kuwa ba ya tsoma ƙafa a kwano, Malama."

Ta sake duban ramin. Don gudun wari ta sa aka haƙa ramin can nesa da ɗakinta, jikin katangar da ta raba ta da kajin Auta.

Ko mayafi ba ta gyara ba, ta zagaya wurin Auta. Ta same shi tsugune a ƙofar ɗakin kajinsa, matattu jere a gabansa, ga sabon kwano cike da ruwan magani. Kunya ta rufe ta, ta buɗe baki za ta yi magana. Bai kalli fuskarta ba, ƙafafunta yake kallo.

"Tsoma tukuna, Yaya."

Ta tsoma duka biyun, wani ƙuda yana wucewa ta saman kanta zuwa ciki.