Fiton Baba Firmin

Duk faɗin ƙauyenmu babu mai iya fito kamar mahaifina, Firmin. Shi ne mai kula da tattabarun uban ƙasa, waɗanda ke cikin doguwar hasumiyar dutsen nan ta bayan coci. In ya sa yatsu biyu a baki ya busa, sai ka ga sama ta yi duhu, sun sauko masa a ka da kafaɗa, marasa kunyar cikinsu har aljihunsa suke leƙawa. Ina ƙarama nakan tsaya gefensa riƙe da kwandon hatsi, ina jin duk Faransa ba wanda ya kai ubana.

Mutanen gari ba haka suke gani ba. A zamanin talaka bai isa ya yi kiwon tattabara ba, balle ya taɓa ta uban ƙasa. Ka shuka alkama da safe, kafin ka juya baya sun tsince irin. Barnabé maƙeri in ya hango Baba sai ya ɗaga murya: "Firmin, ya 'ya'yan naka? Jiya sun yi kalaci a gonata, ka ce su zo su ƙarasa!"

"Ai sun ce irinka ba daɗi," in ji Baba. Su kwashe da dariya, su wuce shan giya tare.

Shekarar da ƙanƙara ta kwantar da alkama, dariyar ta ƙare. Aka ce baitulmalin sarki ya zama wayam, masu karɓar haraji kuma ba su fasa zuwa ba. Burodi ya gagari kowa. Lokacin na yi aure, ina goyon ɗana Colas, nonona ya ƙafe ƙaf. Da damina ta dawo muka ji mutanen Paris sun fasa kurkukun sarki, uban ƙasarmu ya loda kayansa ya gudu. Ba a jima ba fada, limaminmu, ya sanar a coci cewa majalisar ƙasa ta ce tattabarar basarake ta zama kamar kowane tsuntsu, wanda ya same ta a gonarsa ya kashe.

Baba bai tsaya ƙarshen addu'a ba. Na bi shi da goyo, na tarar da shi a gindin hasumiya yana buga tukunya yana jifan tattabarun da tsakuwa, shi da ko tsawa bai taɓa yi musu ba. "Ku tafi! Ku tafi, 'yan banza!" Suka tashi, suka zaga, suka jeru a ƙololuwar hasumiya suna kallonsa. Ina za su? Ba su san wani gida ba.

Sai ga jama'a da raga da buhuna da sanduna. Suka yi ta jifa, ko gashin ɗaya ba su samu ba. Barnabé ya matso, ya cire hularsa.

"Firmin, kira su."

"Ko za ka yanka ni ba zan kira ba."

"Wa ke zancen yanka? Tare muka tashi. Dubi jikanka kawai."

Raina ya ɓaci, na ce, "Baba Barnabé, fitar da ɗana daga bakinka!" Amma Baba ya riga ya juyo. Colas yana ta buɗe baki yana son yin kuka, muryar ba ta fita. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa yatsu a baki.

Suka sauko gaba ɗaya, da murnarsu, kamar kullum. Ya tsaya ya runtse ido, aka riƙa cire su daga kafaɗarsa.

Ba zan yi ƙarya ba, romon ya yi daɗi, kuma a makon nonona ya dawo. Da shekara ta zagayo gonaki suka yi kyan da ba mu taɓa gani ba. Ba na kewar uban ƙasa, ko kaɗan. Amma har yau in la'asar ta yi sai in ji garin ya yi mini shiru da yawa.

Baba ya koma noma, bai ƙara fito ba, ko kare zai kira sai dai da suna. Sai wata rana, ya tsufa tukuf, Colas ya zama saurayi, ya ce, "Kaka, an ce da ka iya fito. Gwada mu ji mana."

Baba ya yi murmushi, ya sa yatsu, ya busa. Sautin na nan yadda na san shi. Kafin in ankara na ɗaga kai sama, na ga shi ma ya ɗaga, har ya gyara musu kafaɗa.